Kashe Fitilar Nan

Ƙarfe tara na dare a bayan Rayfield,
inda tsohon ramin kuza ya cika da ruwa ya yi shiru,
mu goma sha biyu, aka raba mu gida biyu,
ja da kore.
Sanyin Jos ya kutsa tsakanin riga da fata,
mai filin yana auna mana harsashin fenti
kamar mai sayar da gurjiya a Farin Gada.

Ni na zo da shirina.
Fitilar goshi da na saya a Taminus,
mai shagon ya rantse za ta nuna allura a gindin rijiya.
Na ɗaura ta a kan hular kwano,
na naɗe tocila a bakin bindiga da baƙin salatif.
Nazifi ya dube ni sama da ƙasa:
"Wasa ka zo, ko Nepa ce ta aiko ka?"

Chollom ba ta ɗauki komai ba
sai siririn karan nan da ake lanƙwasawa
ya kama ci, ba zafi ba hayaƙi,
wanda doka ta ce kowa ya rataya a kafaɗa.
Ta tura nata ƙarƙashin kwala,
ya rage kamar idon mage a bayan buhu.

Usur.

Na kunna. Fili ya buɗe a gabana,
tayoyin da aka jera, gangunan ƙarfe,
dutse bisa dutse ba mai riƙe da shi,
har raɓar kan ciyawa sai da na ƙirga.
Na ga komai.
Ban ga kowa ba.
Su kuwa, duka shidan sun gan ni.

Tas! a ƙirji. Tas! a gwiwa.
Na uku ya fashe a gilashin fuska,
duniya ta koma kore shar,
ɗacin fenti ya gangaro gefen baki.
Ko minti ɗaya ban cika a fage ba.

Zagaye na biyu na lafe bayan ganga,
Nazifi ya rarrafo, ya raɗa mini:
"Kashe fitilar nan."

Kalma uku. Sai ga ni ɗan shekara tara
a ɗakinmu na Gangare, daren hana fita,
Goggo ta sunkuya kan fitilar ƙwai
da wannan raɗar, da waɗannan kalmomi,
muka kwana muna sauraren ƙarar da ba ta fenti ba.
A wancan gefen gari, daga baya na ji,
uwar Chollom ma ta hure tata.

Na kashe.

Duhu ya zo ya zauna kusa da ni, muka saba.
Kunne ya karɓi aikin ido.
Tsakuwa ta motsa. Wani ya haɗiye tari.
Can ga ɗigon kore yana sanɗa daga taya zuwa taya.
Na saita, na riƙe numfashi,
na ƙyasta tocila sau ɗaya don in kashe mata ido,
na harba.
Fentina ya je ya shafa wa dutse janbaki.
Ita ba ta kuskure ba.

Sha ɗaya saura aka tashi,
kowa yana nuna tabonsa yana dariya,
sai Davou ya shafa aljihu: ba makullin mota.
Wayoyi duk sun mutu don sanyi da ɗaukar hoto.
Chollom ta miƙo hannu, fenti har gwiwar hannu:
"Malam Nepa, kawo abin nan naka."

Na kunna mata.
Mu goma sha biyu a sunkuye cikin ciyawa,
ja ya goga kore, kore ya goga ja,
muna bin da'irar haske ɗaya taku bayan taku.
Mun daɗe. Mai shayin bakin titi har ya fara kife kofuna.